Saura Ƙwaya Ɗaya

Lambar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ina roƙon mai karatu kada ya tsallake ta da ido. Ya tsaya ya karanta ta da baki tun daga kai har wutsiya, ko sau ɗaya ne a rayuwarsa: kwintiliyan goma sha takwas, da kwadiriliyan ɗari huɗu da arba'in da shida, da tiriliyan ɗari bakwai da arba'in da huɗu, da biliyan saba'in da uku, da miliyan ɗari bakwai da tara, da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗaya, da ɗari shida da goma sha biyar. Wanda kwintiliyan ya yi wa nauyi a harshe sai ya ce biliyan goma sha takwas da ɗoriya, amma ya sani kowace ɗaya a cikin biliyoyin nan ita ma biliyan ce. Alƙaluma ashirin ne cif. Adadin ƙwayar alkama ne da ake bin wani sarki, kuma har yau ba a biya ba.

Maganar tana cikin Wafayatul A'ayan, littafin tarihin manyan mutane da alƙali Ibn Khallikan ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256. Ya kawo ta a inda yake ba da tarihin As-Suli, gwanin wasan shaɗaranji na Bagadaza. An ce wani mai hikima a ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan ya kai wa Sarki Shihram. Allon wasan gida 64 ne, layi takwas, kowane layi gida takwas. Sarki ya ji daɗi, ya ce masa ya faɗi abin da yake so. Sissa ya nemi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64, a ba shi abin da ya taru. Sarki ya raina roƙon, ya ga kamar an ƙasƙantar da kyautarsa, amma ya ce a ba shi. Ma'aikatan baitulmali suka duƙufa da lissafi, suka dawo suka shaida masa cewa duk alkamar da ke duniya ba za ta biya ba.

Masana tarihi suna ɗaukar wannan labari hikaya. Lambar kuwa ba ta jiran amincewarsu, domin duk wanda ya samu takarda da haƙuri zai fitar da ita, kuma ita ɗin zai fitar. Al-Biruni ya riga ya yi lissafin wajen shekara ta 1000, ya kuma gano gajeriyar hanya: a ninka sha shida da kanta har sha shida ta jeru sau sha shida, a cire ɗaya. Shi kansa Ibn Khallikan, da yake alƙali ne, bai karɓi zancen haka kawai ba. Ya faɗa cewa ya yi shakka, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariya ya zaunar da shi ya bi da shi daki-daki. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, ya ce a ɗauke ta awo guda. Aka yi ta ninka awo har gida na 40, inda abin ya kai cikin rumbu guda. A gida na 50 an samu rumbu 1,024, ya ce a ɗauka birni guda ke nan. A gida na 64 an samu birni 16,384, kowanne maƙil da rumbuna, kowane rumbu maƙil da alkama. Wannan gidan ƙarshe ne kaɗai, ba a haɗa da na baya ba.

Mu auna da ma'aunin da muka saba. Matsakaiciyar alkama, ƙwaya dubu tana da nauyin giram 40. Layin farko na allon gaba ɗaya ƙwaya 255 ne, ba ta cika tafin hannu ba. In aka gama layi na biyu an tara 65,535, wajen tiya guda. Ƙarshen layi na uku, buhu bakwai babu kaɗan, irin buhun kilo 100. Ƙarshen layi na huɗu, wato rabin allo, ƙwaya 4,294,967,295, tan 172, bai cika tirela shida ba. Ɗan kasuwa ɗaya a Dawanau zai loda wannan kafin la'asar. Saboda haka ban ga laifin sarki ba da ya raina roƙon, domin har tsakiyar allo yana da gaskiya. Sai dai kowane layi yana ninka na bayansa sau 256. Layi na biyar ya kai tan 44,000, lodin jirgin ruwa. Na shida tan miliyan 11. Na bakwai tan biliyan uku babu kaɗan. Na takwas ya rufe a kan tan biliyan 738.

A shekarun nan duniya gaba ɗaya tana noma alkama kusan tan miliyan 800 a shekara. Ke nan in aka daina yin burodi da taliya da gurasa da alkaki da finkaso, aka ajiye har iri, za a biya bashin cikin shekara 900 da 'yan kai. In aka raba wa mutanen duniya biliyan takwas, kowa zai tashi da tirela uku, har jaririn da aka haifa yau da asuba. Akwai masu tunanin da gero aka nema da abin ya zo da sauƙi, tunda ƙwayarsa ƙarama ce. Nauyin zai ragu, gaskiya ne, zuwa wajen tan biliyan 184. Amma geron da duniya ke nomawa bai wuce tan miliyan 30 a shekara ba, don haka wa'adin biya zai koma shekara dubu shida. Acca ta fi muni, ta haura shekara dubu goma. Alkama ita ce rangwame.

Yawanci a nan ake tsayawa, a riƙe baki, a ce kai, lamba ce babba. Ni a ganina wannan tauye mata hakki ne. Girma ba hali ba ne. Duk yaron da ya iya rubuta sifili zai rubuta wadda ta fi ta girma kafin a tashi daga makaranta. Abin da ya bambanta wannan lamba da maƙwabtanta shi ne ƙwaya ɗaya da ta rasa.

Ga yadda abin yake. Gida biyun farko sun tara uku, gida na uku yana da huɗu. Gida ukun farko sun tara bakwai, na huɗu yana da takwas. Haka abin yake tafiya har ƙarshe: kowane gida ya fi jimlar dukkan gidajen da ke bayansa da ƙwaya ɗaya tak. Da akwai gida na 65, da an sa masa 18,446,744,073,709,551,616, wato biyu da aka ninka da kanta sau 64. Tunda babu shi, jimlar allon ta tsaya saura ƙwaya ɗaya ta kai can. Ita waccan mai ƙarewa da 616 ba ta da wani dangi sai biyu. Ka raba ta biyu, ka sake rabawa biyu, ka yi ta yi sau 64, ka isa ɗaya, ba ka haɗu da kowa a hanya ba. Uku ba ta shiga cikinta, biyar ba ta shiga, bakwai ba ta shiga. Amma da aka cire ƙwaya ɗaya sai komai ya juye. Tamu mara ce, ba cika ba, biyu ba ta raba ta ko sau ɗaya. Kuma in mai karatu ya koma sama ya duba alƙaluman nan ashirin, zai ga akwai sifili biyu, ɗaya uku, uku guda, huɗu har huɗu, biyar uku, shida biyu, bakwai uku, takwas guda, tara guda. Alƙalamin 2 kaɗai ne babu. Lambar da aka haifa da ninki biyu-biyu sau sittin da uku, ko a fuskarta ba ta ɗauko biyu ba.

To su waye danginta? Tana ƙarewa da 5, don haka biyar tana raba ta. Alƙalumanta in aka tara su 87 ne, uku tana shiga 87, don haka uku tana raba ta, tara kuwa ba ta rabawa, tana barin saura shida. Bakwai tana barin saura ɗaya. Sauran dangin ba sa fitowa da irin wannan dubawa ta sama-sama, amma akwai ƙa'ida mai sauƙi da ke tono su. Duk lambar da aka ninka da kanta aka cire ɗaya, daidai take da ta ƙasanta sau ta samanta. Huɗu sau huɗu a cire ɗaya, 15 ne, wato 3 sau 5. Sha shida sau sha shida a cire ɗaya, 255 ne, wato 15 sau 17. Haka 65,535 shi ne 255 sau 257. Haka 4,294,967,295 shi ne 65,535 sau 65,537. Tamu kuma ita ce 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Mun samu 3, 5, 17, 257, 65,537, da wata katuwa a ƙarshe. Biyar ɗin farko kowacce gagara-rabo ce, wato lambar da babu mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

A kan katuwar ƙarshen nan ne alƙali na biyu ya shigo shari'ar. Pierre de Fermat ma'aikacin kotu ne a birnin Tulus na Faransa, lissafi kuma aikinsa ne na bayan an tashi. A wasiƙunsa na 1640 ya nuna yana da yaƙinin cewa duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne, har da 4,294,967,297 da duk na gaba da ita, ko da yake ya yarda bai samu hujja ba. Ya rasu a 1665 a kan wannan ra'ayi. Sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a birnin Fitasbag na Rasha, ya nuna cewa 641 tana raba ta: 641 sau 6,700,417. Daga baya ya bayyana dalilin da ya sa ba sai an yi laluben duhu ba. Duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Gagara-rabon farko da suka cika wannan sharaɗi su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Rabawa biyar ke nan tsakanin Fermat da gaskiya. Abin yana taɓa mini zuciya, domin mutum ne mai kaifin basira wanda ya hango abubuwan da aka shekara ɗaruruwa ana tabbatarwa, amma wannan rabawa ta biyar ba rabonsa ba ce. Kuma tun daga 65,537 har yau ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin nasa ba, duk da kwamfutocin da aka saka a aikin.

Cikakkiyar nasabar lambarmu ke nan: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Su bakwai, babu wadda ta zo sau biyu. Da yake kowacce ana iya ɗaukarta ko a bar ta, lambobin da ke raba ta daidai 128 ne, in an haɗa da ɗaya da ita kanta. In aka tara su duka ban da ita, ana samun wajen kashi 70 cikin ɗari nata, don haka a rabe-raben malaman hisabi na da tana cikin lambobi naƙasassu, waɗanda sassansu ba sa cika su.

Wannan nasaba tana da tasiri a kan gini, kuma duk mai niyyar gina wa alkamar rumbu ya kamata ya sani. A ranar 30 ga Maris 1796, Carl Friedrich Gauss, saura wata ɗaya ya cika shekara 19, ya gano cewa da rula da kamfas kaɗai ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida, abin da ya gagari masana tun zamanin Girkawa. Ƙa'idar da ta fito daga nan, wadda Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837, ita ce: in yawan gefen mara ne, ba ya zanuwa sai in an gina shi da gagara-rabon jerin Fermat, kowacce sau ɗaya. Wani Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya shekara goma yana aikin siffa mai gefe 65,537, ya gama a 1894, kuma takardunsa suna nan a ajiye a jami'ar Gotingen. Abin da wannan ke nufi a gare mu shi ne rumbu mai bango 4,294,967,295, bango ɗaya ga kowace ƙwayar rabin allo, yana zanuwa da rula da kamfas, kuma shi ne mafi girman mai gefe mara da aka san yana zanuwa. Na cikakken allo kuwa ba ya zanuwa, ko da wane irin haƙuri. 641 ce ta hana.

Yanzu mu zo ga inda maganar ta fi nauyi. Bashi ba ya mutuwa don mai binsa ya mutu, yana komawa gado. Sissa mutumin Indiya ne na zamanin da, amma mu auna da ƙa'idar rabon gado da muka sani, domin ita ce ke gwada lamba da gaske. Masu ilmin fara'ili sun san asalin mas'aloli bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. A cikin bakwai ɗin nan lamba 3 ce kaɗai ke shiga lambarmu. In mamaci ya bar ɗa ɗaya da 'ya ɗaya ba kowa, an huta: 'ya ta ɗauki 6,148,914,691,236,517,205, ɗa ya ɗauki 12,297,829,382,473,034,410, ba ƙwayar da ta yi saura. Uwa da uba kaɗai ma haka, sulusi da sulusi biyu. Maza biyu da mace ɗaya kaso biyar ne, kowane kaso 3,689,348,814,741,910,323. Maza bakwai da mace ɗaya kaso 15, ya yi. Maza takwas da mace ɗaya kaso 17, shi ma ya yi, kowane kaso 1,085,102,592,571,150,095. Amma maza biyu kaɗai, wanda kowa zai zaci shi ne mafi sauƙi, ba ya rabuwa. Kowa zai ɗauki jirage da tireloli ya tafi, a bar ƙwaya ɗaya a kan tabarma tsakaninsu.

In akwai mata a gidan, lamarin ya ƙara zurfi. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Sumunin wannan dukiya shi ne ƙwaya 2,305,843,009,213,693,951 da bakwai bisa takwas na ƙwaya. A ajiye ɓarin ƙwayar a gefe, a dubi cikakkun. Wannan adadi shi ne biyu da aka ninka sau 61 aka cire ɗaya, kuma sananne ne a tarihin lissafi. A 1883 wani limamin coci a karkarar Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar da cewa gagara-rabo ne. Ma'ana, in matar ɗaya ce, ta kwashi abinta lafiya. In su biyu ne, ko uku, ko huɗu, cikakkun ƙwayoyin ba za su rabu daidai a tsakaninsu ba, kuma ba wai don mai rabon bai iya ba. Babu adadin mutanen da zai raba su daidai, sai dai in an samu mutum 2,305,843,009,213,693,951 kowa ya ɗauki ɗaya. Na jima ina mamakin yadda lamba mai dangi bakwai ta ɓoye irin wannan taurin kai daidai a rabon kishiyoyi.

Zakka ma tana da nata. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wanda malaman zamani ke ƙiyastawa wajen kilo 650, kuma jimlar allon tana haye shi ne daidai a gida na 24, ƙarshen layi na uku. In noman damina ne ana fitar da ushiri: 1,844,674,407,370,955,161 da rabin ƙwaya. In noman rani ne da aka sha wahalar ban ruwa, rabin ushiri: 922,337,203,685,477,580 da kashi uku bisa huɗu na ƙwaya. A nan shari'a ta riga ta sauƙaƙa, domin zakkar hatsi da awo ake fitar da ita, da sa'i da mudu, ba da ƙirgen ƙwaya ba. Sissa ne ya ɗora yarjejeniyarsa a kan ƙirge, shi ya sa ɓarin ƙwaya ke bin ta duk inda ta shiga.

Akwai kuma batun shanya. A ce za a baza alkamar a fili, ƙwaya kusa da ƙwaya, a yi murabba'i, tsawo daidai da faɗi. Da mai 616 ce, da fili ɗaya ya isa: ƙwaya 4,294,967,296 a tsaye, 4,294,967,296 a kwance. Tamu za ta bar gurbi ɗaya a kusurwa. Sai a ce to a raba ta fili biyu, kowanne murabba'i, ko da girmansu ya bambanta. Ba ya yiwuwa, domin duk lambar da ta bar saura uku in an raba ta huɗu ba ta zama jimlar murabba'i biyu. Fili uku fa? Shi ma a'a. Legendre ya nuna tun ƙarshen ƙarni na 18 cewa lambar da ta bar saura bakwai in an raba ta takwas ba ta zama jimlar murabba'i uku, kuma tamu bakwai take bari. Mai karatu na iya gwadawa da ƙananan 'yan uwanta: 7 ita ce 4 da 1 da 1 da 1, 15 kuma 9 da 4 da 1 da 1, ba yadda za a rage. Fili huɗu kuwa tabbas ya isa, domin Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa babu lambar da ke buƙatar fiye da huɗu. Ƙwaya ɗaya ce ta kai ta daga mafi sauƙin shanya zuwa mafi wuya.

Wa zai ƙirga? Dole a ƙirga, tunda da ƙirge aka yi alkawari. Mutum ɗaya mai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai gama cikin wajen shekara biliyan 585, fiye da ninki arba'in na shekarun da masana sararin samaniya ke ba duniyar taurari gaba ɗaya. Wannan adadi ya sake fitowa ta wata ƙofa. A 1883, shekarar Pervushin, Édouard Lucas na Faransa ya fitar da wasan da ake kira Hasumiyar Hanoi: sanduna uku, faya-fayai a jere babba a ƙasa ƙarami a sama, a kwashe su zuwa wata sanda ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora babba a kan ƙarami. Aka haɗa shi da tatsuniyar wasu masu bauta a Banaras da ke kwashe faifan zinariya 64. Mafi ƙarancin motsin da aikin ke buƙata shi ne 18,446,744,073,709,551,615, ba ƙari ba ragi, kuma dalilin ɗaya ne da na allon. Amma in aikin gayya aka kira, kowa a duniya ya fito, mutum biliyan takwas suna ƙirgawa dare da rana, shekara 73 ta isa. In awa takwas za a riƙa yi a yini, 219. Wannan abu ne da za a iya tsarawa.

Sai rubuta adadin a littafin bashi, kuma a nan ne nake son magada su buɗe kunne. Kwamfuta da wayar hannu ba su san alƙaluma goma ba, sifili da ɗaya kaɗai suka sani, kuma yawancin na yanzu suna ajiye lamba a gurbi 64. A wannan rubutu lambarmu ɗaya ce sau 64 a jere, ba sifili ko guda. Kowane gurbi gida ne a allon Sissa, kuma duk an cika su. Ita ce lamba mafi girma da gurbi 64 ke ɗauka. Shi ya sa take yawan fitowa a harkar. A 2014 da masu kallon waƙar Gangnam Style suka doshi 2,147,483,647, iyakar tsohon ma'aunin YouTube, kamfanin ya sanar da cewa ya koma mai gurbi 64, wanda ke tsayawa a 9,223,372,036,854,775,807, ƙwaya ɗaya ƙasa da abin da ke gidan ƙarshe na allon. Wasan kwamfuta na No Man's Sky da ya fito a 2016 yana da duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616, domin daga sifili ake fara ƙirga su a ƙare a kan tamu.

To, a kasuwar hatsi al'ada ce in an gama awo mai saye ya ce a yi masa gyara. Ina gargaɗin magadan Sissa da babbar murya kada su nema, in kuma an ba su kada su karɓa. Gyaran ƙwaya ɗaya zai mayar da dukiyar mai 616, nan take uku da biyar da sha bakwai su fita, ɗa da 'yar da suka rabu lafiya su koma gaban alƙali. Wannan ma ƙarami ne. In an rubuta bashin a gurbi 64 ba tare da wani tsaro ba, ƙarin ɗaya zai juya kowane gurbi ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika tara-tara ta koma farko. Littafin zai nuna ba a bin sarki komai. Gyaran ƙwaya biyu ya ba da 18,446,744,073,709,551,617, wadda ita ce ta gaba a jerin Fermat, kuma ba ta rabuwa sai ga magada 274,177 ko 67,280,421,310,721. Gyaran ƙwaya 14 ya faɗa kan gagara-rabo. Ta ƙasa ma akwai rami: in ɓera ya ci ƙwaya 58 daidai, abin da ya rage, mai ƙarewa da 557, gagara-rabo ne.

Shawarata ita ce yafiya, amma yafiya mai lissafi. Magada su yafe wa sarki gida huɗun farko na allon, ɗaya da biyu da huɗu da takwas, ƙwaya 15, abin da bai kai giram ɗaya ba. Saura 18,446,744,073,709,551,600. Wannan adadi shi ne biyu da aka ninka sau 60 aka cire ɗaya, sannan aka ninka abin da ya fito da 16, kuma kowace lamba daga 1 har 16 tana raba shi daidai, har da bakwai da tara da sha ɗaya da sha uku da suka ƙi shiga a da. Asalin mas'alolin gado bakwai ɗin nan duka sun shiga. Ushiri ya fita cif, rabin ushiri ya fita cif. Yana zama a gurbi 64 ba tare da barazana ba. Maza biyu sun rabu ba saura, sumunin mata ya zama 2,305,843,009,213,693,950, mata biyu su raba daidai, mata uku su raba daidai. Gidan maza takwas da mace ɗaya ne ya yi asara, domin 17 ta fita, kuma ya dace a sanar da su kafin a sa hannu.

A rabon kishiyoyi, gidan mata huɗu ne kaɗai bai warware ba. Kowacce tana da ɗaya bisa 32, wato ƙwaya 576,460,752,303,423,487 da rabi. Za a ware ƙwaya biyu a niƙa, a raba garin kashi huɗu a gaban shaidu.